Farar Ƙasa a Layi na Huɗu

Wata uku takardar ta ba su. Kawuna ya karanta ta a tsaye, kamar yadda yake karanta duk abin da ke ɗauke da hatimi, ya ninke ta huɗu, ya aiko a kira ni. A wurinsa amfanin jami'a ɗaya ne: idan gwamnati ta rubuto da dogon Turanci, akwai wanda za a kira a dangi. Tun ranar da na gama karatun tarihi ya daina kiran sunana, sai Digiri. Shi kuwa duk gari Samanja ake ce masa, ko da yake rabonsa da kaki an fi shekara talatin.

Abin da takardar ta ce bai kai tsawonta ba. Za a rushe Layi na Huɗu, ginin ƙarshe da ya rage na tsohon barikin soja, a yi rukunin shaguna. Mazauna cikinsa, tsofaffin sojoji tara da matan mamata biyar, su nemi wuri. Kawu ya shekara hamsin a ɗaki na biyu daga famfo. A nan matarsa ta rasu, 'ya'ya kuma Allah bai ba shi ba. Idan aka tashe shi, wurin da zai nema gidana ne. Ni da shi duk mun san haka, kuma babu wanda abin ya yi wa daɗi a cikinmu.

Barikin ya girmi garin. Sojojin mulkin mallaka ne suka kafa shi a kan tudu saboda daga nan ana hango kogi da hanya. Masu wanki da masu gyaran takalma da masu abinci suka biyo su, suka kafa bukkoki a bakin waya, bukkokin suka zama unguwa, unguwa ta zama gari. Kakanninmu da busar begila suke sanin lokaci. Layi na Huɗu kuwa don alfadarai aka fara gina shi. Da hafsoshi suka lura zafin cikinsa yana kashe dabbobin, sai suka fitar da su suka zuba kurata. Lokacin babban yaƙi shi ne ɗakin ƙarshe da kurata ke kwana kafin jirgin ƙasa ya kwashe su. Bayan nan ya yi asibiti, ya yi sito, ya yi kurkuku na 'yan watanni bayan wani juyin mulki, sannan waɗanda suka kulle mutane a ciki su ma aka kulle su a nan bayan na gaba. Kowace sabuwar gwamnati sai ta canja sunan da ke ƙofar bariki, har mai rubuta allon ya gina gida.

Daga baya soja suka koma sabon bariki a bayan gari, aka yayyanka tsohon. Gadirum, inda ake kulle sojan da ya yi laifi, ya zama shagon aski. Filin fareti ya zama tashar mota. A ma'ajiyar makamai ana sayar da kifin ƙanƙara, don kaurin bangon yana riƙe sanyi. Su Kawu ba ba su ɗakunan aka yi ba, mantawa da su aka yi a ciki, kuma a wajenmu mantuwar hukuma ta fi kyautarta daɗewa. Wurin ne kaɗai ya ci gaba da zama soja. Duwatsun bakin hanya farare, itatuwa farare har ƙugu, igiyar shanya miƙe kamar da ma'auni aka ja ta.

Na yi kwana biyu ina bin dokoki har na sami ƙofa guda. Duk ginin da ya haura shekara ɗari, aka kuma sami shaidar haka a takarda ko a jikinsa, hukumar adana kayan tarihi tana iya sa shi a rajista, kuma abin da ke rajista ba a rushe shi. Kowa a garin ya san ginin ya haura ɗari. Saura a sami abin da zai gaya wa gwamnati abin da ita ma ta sani.

Na fara da takarda, don abin da aka koya mini ke nan. A hedikwatar soja wani kyaftin ya ce fayilolin sirri ne. Na tambaye shi wa ake ɓoye wa, tunda abokan gabar wancan zamani duk sun mutu. Ya ce wannan ma sirri ne. A ma'aikatar ayyuka aka ce an miƙa wa soja komai tuntuni. A gidan ajiyar takardun tarihi akawun ya kai ni har gaban akwatin, ya buɗe shi a hankali kamar mai nuna kabari. Gara ta riga ni da wajen shekara ashirin. Sati shida suka tafi a haka, ina barin ɗalibaina da aikin allo ina zama a kan bencin ofisoshi.

Kofur ne ya nuna mini bangon, shi ma ba da niyya ba. Kofur maƙwabcin Kawu ne, shekararsa saba'in da takwas, ya yi aikin akawun rundunarsu, har yau da biro uku a aljihu yake yawo. Ya kai ni dogon ɗakin ƙarshen layin don in ga inda rufi ke yoyo. A da akwai jerin akwatunan ƙarfe kafe a bangon baya tun bayan babban yaƙi. Bara aka aiko masu sayen tsohon ƙarfe suka kwance su. Wannan bango shi kaɗai ne a duk barikin burushi bai taɓa kaiwa gare shi ba.

Daga ƙasa har inda hannun dogon mutum zai kai, rubutu ne. Kuratan da ake shirin kwashewa ne suka bar sunayensu, da fensir, da gawayi, da bakin ƙusa. Wasu da boko, wasu da ajami. Wanda bai iya ko ɗaya ba ya ɗora tafin hannunsa ya zagaye shi. Da yawa sun sa lambarsu da kwanan wata, kuma mafi tsufa da na gani ya shekara ɗari da takwas. Wani ya rubuta cewa kukun bariki ɓarawo ne. Wani ya ce a gaya wa innarsa an ba shi takalmi. Wani ya zana kwamanda da kunnuwan jaki, ya kuma ba kunnuwan haƙƙinsu. Na ƙirga har ɗari uku na daina. Shekara ashirin ina koyar da wannan yaƙi daga littattafan da ba su da sunan ko ɗaya daga cikin mutanen nan.

Da na kira Kawu ya gani, ya dubi bangon sama da ƙasa ya ce rashin ɗa'a ne. A zamaninsa wanda ya yi rubutu a bangon gwamnati sai ya kwana bakwai a gadirum.

Na ɗauki hotuna da waya na kai hukumar. Jami'ar da ke kula da rajista mace ce mai kamar shekaruna, da tabarau a goshi da wani a ido, da fuskar wadda ta daɗe tana isa wuri bayan katafila. Ta daɗe tana duba hotunan. Ta ce idan abin da ke ciki yana nan, magana ta ƙare, amma doka ba ta karɓar hoto, sai ta gani da idonta ta sa hannu. Ta ba ni ranar Alhamis mai zuwa.

Na tara mazauna layin a baranda na yi musu bayani kamar ina aji. Na ce babbar jami'a za ta zo duba ginin, kuma bangon nan shi ne zamansu a ɗakunansu. Na ce kada a taɓa shi, kada a goge shi, kada ma a jingina tsintsiya a jikinsa. Na faɗa sau uku. Tsofaffin suka dubi Samanja, Samanja ya ce an ji. Na lura tun daga kalmar duba bayansu ya fara miƙewa, wani ma har ya gyara maɓallin wuya, amma na ɗauka murna ce.

Sai na yi tafiyar kwana uku zuwa babban birni, saboda an ce akwai tsohuwar taswirar bariki a ɗakin karatun jami'a, ina so in haɗa shaida biyu. Taswirar tana nan a rajistarsu. An ba soja aro shekara goma sha ɗaya da suka wuce.

Na dawo Laraba da la'asar. Tun daga tasha na ji warin ɗanyar farar ƙasa. Layi na Huɗu yana ƙyalli har sai ka runtse ido. Tsofaffin suna waje, hannuwa fari fat har gwiwa, suna ba'a da juna, wani yana waƙar fareti da muryar da ta ƙare tun tuni. Ban taɓa ganinsu cikin farin ciki irin na ranar ba. Kofur yana kan tsani, matan suna riƙe masa ƙafar tsanin suna yi masa faɗa. Tsohuwar ƙofar katako mai manyan ƙusoshi, wadda alfadarai suka shiga ta cikinta, babu ita. Ɗan wani ya ba da gudummawar sabuwa ta ƙarfe, an shafe ta da kore. Na wuce su ban gaisa ba.

A dogon ɗakin sun yi aikin kamar yadda aka koya musu. Soja ba ya shafa farar ƙasa a kan datti. Sun fara goge bangon da burushin waya da ruwan sabulu, sun cike ramukan ƙusa da siminti, sun bari ya sha iska, sannan suka yi shafi biyu. Na sa farce na kankare wani wuri. Ƙarƙashin farin sai toka-toka, sumul.

Kawu ya shigo yana goge hannu da tsumma.

"Kawu, me na ce muku?"

"Ka ce babbar jami'a za ta zo dubawa."

"Na ce kada a taɓa bangon."

"Ka faɗa. Mun zauna a kai." Ya rataye tsumman a kafaɗa. "Digiri, kai littafi ka sani, duba kuwa aikinmu ne. Shekara talatin da biyu ana zuwa duba ni, ban taɓa faɗuwa ba. Wane babba ne zai shigo ya ga an zagi kwamanda a bango, ya ce a bar wa mutanen nan gini?"

Na ce masa mutum ɗari uku da ɗoriya ne a bangon, kuma yawancinsu ban da nan babu inda aka rubuta cewa sun taɓa zuwa duniya. Ya ce mai zanen jakin ma ya san shi, shi ne tsohon sajen da ya koya masa fareti, kuma da yana raye da shi zai fara ɗaukar burushi. Sannan ya ce in kwantar da hankalina, su ba yara ba ne, ba a yi asarar komai ba. Ya ƙwala wa Kofur kira.

Kofur ya sauko ya kawo wani littafi mai bangon kwali. Kafin a fara gogewa ya kwana biyu yana kwafe sunayen. Ya ja layi da rula, ya jera su bisa lambar soja, ya gyara wa waɗanda suka yi kuskuren rubutu. Zagi da zane da saƙon iyaye ya bar su, don ba su da gurbi a rahoto. Masu tafin hannu ya haɗa su a layi ɗaya a ƙarshe: marasa suna, arba'in da ɗaya. Na bi shafukan ina neman kwanan wata. Ya ce ai ya sa, ya nuna mini saman shafin farko. Kwanan watan ranar Litinin ne, ranar da ya fara kwafewa, da sa hannunsa a ƙasa.

Rubutunsa yana da kyau ƙwarai. Na gaya masa haka, don na rasa abin da zan ce wanda ba zai sa a kore ni daga dangi ba.

Ranar Alhamis tun ƙarfe tara suka yi layi a gaban baranda, kowa da lambobinsa a ƙirji, takalma suna sheƙi. Jami'ar ta iso sha ɗaya da rabi a motar haya, don ta ofis ba mai. Babu wanda ya zauna a tsakani. Kawu ya ƙame, ya gabatar da kansa da adadin mazauna, ya ce gini a shirye yake. Ta dube shi, ta dubi farin bangon, ta sauko da tabaran goshin ta mayar da shi.

Ta bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya, Kawu yana binta taku ɗaya a baya. Tsufa take nema, su kuwa sun yi kwana uku suna farautarsa. Daɓen sun shafe shi da jan fenti. Tsofaffin ƙarafan ɗaure dabbobi da ke jikin ginshiƙai sun cire su, wai kada su kama rigar baƙuwa. A wata taga ta ja yatsa a kan katakon ƙasa don ta ji ko na asali ne. Kawu ya ɗauka ƙura take nema. Da ta ɗago yatsan babu komai, ya juyo ya dube ni, kallon da nake jin zan tafi da shi kabari.

A dogon ɗakin ta karɓi wayata, ta ɗaga hoton daidai da bangon, ta dubi wannan ta dubi wancan. Ta shafa bangon da tafin hannu. Sannan ta ja ni gefe ta tambaya a hankali ko da burushin waya suka goge. Na ce da waya, da sabulu. Ta ce da shafi kawai suka yi, da akwai masu iya ɗaye shi, ko da yake hukuma ba ta kiran su sai ga ginin da ke rajista, kuma gini ba ya shiga rajista sai an ga abin da za su ɗaye a gani. Yanzu ko wannan zagayen ma babu buƙatar mu shiga.

"Malam, na yarda da kai," in ji ta. "Amma fom ɗin ba ya tambayar abin da na yarda da shi. Abin da na gani yake tambaya."

Kofur ya miƙa mata littafinsa da hannu biyu. Ta karanta shafin farko har ƙasa, ta rufe, ta riƙe shi a ƙirji na ɗan lokaci kafin ta mayar. Da za ta tafi ta gaya wa Kawu cewa a duk shekarun aikinta ba ta taɓa shiga gini mai tsabta irin wannan ba. Ya sara mata. Tsofaffin suka yini suna maimaita maganar, har mai aski ya zo taya murna.

Amsar ta zo bayan sati biyu. Na karanta masa ita a ɗakinsa, yana zaune a bakin gadon ƙarfe mai shimfiɗar da ko ƙuda zai zame a kai. Sakin layin farko ya ce an tarar da gini mai tsabta, cikin kyakkyawan yanayi, da alamar kulawa ta musamman daga mazauna. Ya ce in sake karanta wannan. Na sake. Na biyun ya ce ba a ga wata alamar shekaru a jikin ginin da za ta cika sharaɗin doka ba, saboda haka hukuma ba ta da hurumin hana aikin da aka shirya.

Bai ce in sake wannan ba. Ya daɗe yana duban takalmansa da ke jere a ƙarƙashin tebur.

"Wato da mun bar dattin," in ji shi.

"Da kun bar shi, Kawu."

Na yi tanadin magana mai yawa don wannan lokaci, na ma tsara ta a mota. Da na ga yadda hannunsa ke neman gefen katifa sai na haɗiye ta. Can ya ce duba irin na farar hula ba shi da tsari. A soja ana gaya wa mutum abin da ake nema. Na ce na gaya musu, sau uku. Ya ce ni ba hafsa ba ne.

Na rubuta ƙorafi biyu, na je gidan rediyo, na samu wani lauya da ya saurare ni da kyau har ya nemi in turo masa hoton jakin. Wata ukun ya cika. 'Ya'ya da jikoki suka riƙa zuwa suna kwashe tsofaffin ɗaya-ɗaya, kamar masu ɗaukar yara daga makaranta. Kofur ya tafi wurin 'yarsa a wani gari, ya bar mini littafin, ya sa na sa hannu na karɓa. Matata ta kwashe littattafaina daga ƙaramin ɗaki ta zuba a kwalaye ƙarƙashin bene.

Ranar ƙarshe na zo da motar ɗaukar kaya da safe. Kayan Kawu ba su cika rabinta ba: gado, akwatin ƙarfe, tebur, rediyo, tukwane biyu. Katafila tana tsaye a bakin tasha, direbanta yana shan shayi a inuwar tayar. Na ce Kawu mu tafi. Ya ce bai miƙa ɗaki ba.

Ya share shi, ya wanke daɓen, ya goge gilasan taga. Ya rubuta a takarda abin da ke ciki: ƙwan lantarki ɗaya, gilashin taga goma sha biyu, ɗaya da tsaga tun kafin zuwansa, makulli biyu. Soja ba ya barin ɗakin gwamnati sai wani ya karɓa ya sa hannu. Na ce in sa masa. Ya ce ni wane ne a wannan aiki. Na je wurin direban katafila, ya ce shi tuƙi aka ɗauke shi, ba ya sa hannu a komai, a jira shugaban aiki. Shugaban aiki yana hanya. Muka jira shi awa biyu a rana, mai motar kaya yana danna ham, Kawu yana tsaye a bakin ƙofa da takardarsa, 'yan tasha sun taru suna kallo.

Daga ƙarshe direban ya gaji, ko kuma ya ji kunyar furfura. Ya ajiye kofin, ya zo ya leƙa ɗakin, ya cire takalmi kafin ya shiga, don daɓen bai gama bushewa ba. Kawu ya nuna masa abubuwan ɗaya bayan ɗaya yana ƙirgawa, shi kuma yana cewa to, Baba. Ya sa hannu. Ya karɓi makullan yana jujjuya su, ya rasa inda zai sa, ya jefa a aljihun gaba.

"Tagar baya tana cijewa," in ji Kawu. "Sai ka ɗan ɗaga ta kafin ka tura."

Direban ya dube ni, ya dubi katafilarsa. Ya ce zai kiyaye.

Kawu ya shiga gaban mota ya ɗora rediyon a cinya. Muka ratsa tasha, muka wuce mai aski da masu kifi, bai waiwaya ba. Sai da muka hau babban titi ya tambaye ni ƙarfe nawa ake tashi a gidana. Na ce ranar da ba aiki mukan kai bakwai, wani lokaci takwas. Da muka wuce gada ya ce za a duba wannan.